In Kunne Ya Ji, Ko Jiki Ya Tsira?

Gabatarwa

Daga cikin karin maganar da Bahaushe ya fi yawan jefa wa yaro da babba akwai wadda ke cewa, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Magana ce da muka tashi da ita, har ta kai ba mai tsayawa ya nemi hujjarta. Uwa takan faɗa wa ɗanta, malami ya faɗa wa almajirinsa, gidan rediyo ma ya rufe sanarwar rigakafi da ita. To amma akwai wani wuri a duniyar nan inda aka ɗora wannan magana a kan ma'auni, aka naɗi sautinta, aka ƙirga daƙiƙoƙinta. Wurin nan kuwa shi ne ɗakin matuƙin jirgin sama. A can an sha samun lokacin da kunne ya ji sarai, na'urar naɗar magana ta shaida cewa ya ji, amma jiki bai tsira ba. Tambayar da wannan maƙala za ta bi diddigi ita ce: idan gargaɗi ya zo a kan kari, aka ji shi, kuma duk da haka aka halaka, a ina aka sami giɓi, kuma alhakin yana wuyan wa?

Mai Gargaɗin da Ba Ya Barci

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin mai gargaɗin da ake magana a kansa. Jirgin fasinja na zamani, irin wanda ke kwasar alhazai daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, cike yake da na'urori masu sa ido a kan lafiyarsa. Akwai mai auna tazarar da ke tsakanin jirgi da ƙasa, wadda kan yi magana da murya ta umurci matuƙi ya ɗaga hancin jirgi idan ya doshi tudu. Amurka ta wajabta irinta a manyan jiragenta a shekarar 1974. Akwai mai hango wani jirgi da ke tahowa, ta ce da wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa, don kada su yi karo. Akwai mai girgiza sitiyari a hannun matuƙi idan fukafukai suna dab da kasa ɗaukar nauyin jirgi. Akwai ta gobara, akwai ta mai, akwai ta iskar shaƙa.

An kuma kasa gargaɗin nan daraja-daraja. Jan haske da ƙara mai tsanani na nufin a yi wani abu yanzu-yanzu. Haske mai ruwan ɗorawa na nufin a lura, akwai matsala amma da sauran lokaci. Har ma an koya wa na'urar ta yi shiru a inda shiru ya fi alheri: a lokacin da jirgi ke gudu a kan titi zai tashi, takan danne ƙananan ƙorafe-ƙorafe, ta bari sai an yi sama, domin kada ta raba hankalin matuƙi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan mai gargaɗi ba ya gyangyaɗi, ba ya jin nauyin kowa, ba ya tsoron a sallame shi daga aiki. In da gargaɗi kaɗai ke tsirar da mutum, da babu jirgin da zai sake faɗuwa.

Tungar Madaki, 2006

Ranar Lahadi, 29 ga watan Oktoba na shekarar 2006, wani jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya shirya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105. Ƙarshen damina ne, hadari ya haɗu, iska tana kaɗawa da ƙarfi. Masu kula da zirga-zirgar jirage sun sanar da matuƙan halin da ake ciki. Matuƙin wani jirgi da ke filin a lokacin ya zaɓi ya dakata sai yanayi ya gyaru. Na ADC ya tashi.

Duk wanda ya san hadarin ƙasar nan ya san iskar da kan riga ruwa isowa. Wani lokaci iskar kan sauko daga cikin gajimare kamar an tuntsurar da tulu, ta bugi ƙasa, ta watsu ta kowace fuska. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara cin karo da iska ta gaba, ya ji kamar an ƙara masa ƙarfi. Jim kaɗan sai iska ta danno shi daga sama. Daga nan ta koma bayansa, gudun da yake yi a cikin iska ya faɗi farat ɗaya. Wannan shi ne juyin iska, kuma akwai na'urar da aka tanada don ta yi kururuwa idan ya auku. A ranar nan ta yi kururuwar. Ƙa'idar fita daga wannan hali sananniya ce: a ba injuna wuta gaba ɗaya, a daidaita fukafukai, a ɗaga hancin jirgi zuwa wajen digiri 15, kada a wuce iyakar da sitiyari zai fara karkarwa. Amma matuƙan sun ɗaga hancin fiye da kima, iskar da ke shiga injuna ta rikice, fukafukai suka sare. Jirgin bai cika minti biyu a sama ba ya faɗi a wata gona a Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Mataimakin Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Garba Muhammad. Allah ya jiƙan su.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Nijeriya ya ɗora babban dalili a kan shawarar tashi cikin mugun yanayi, da kuma kasa bin ƙa'idar fita daga juyin iska. Amma a cikin abubuwan da ya ce sun taimaka wa haɗarin akwai guda biyu da suka fi jan hankali. Na farko, na'urar kwaikwayon tuƙi da aka yi amfani da ita wajen sabunta horon matuƙan a kan juyin iska ba ta dace da aikin ba. Na biyu, kamfanin ba shi da tsayayyar ƙa'ida a rubuce game da tafiya cikin mugun yanayi. Ashe haɗarin da ya ɗauki ƙasa da minti biyu an daɗe ana saƙa shi, a wani ɗakin koyo, a ranakun da babu hadari ko kaɗan.

Ji Iri-iri Ne

A nan harshen Hausa da kansa zai taimake mu. Kalmar "ji" gajera ce, amma tana ɗauke da kaya masu yawa. Mukan ce mutum ya ji ƙara, wato sauti ya shiga kunnensa. Mukan ce yana jin Larabci, wato yana fahimta. Mukan ce yaro yana jin magana, wato yana aiki da ita. Mukan kuma ce ya ji jiki, ko ya ji a jikinsa, wato abin ya wuce kunne ya ratsa gaɓoɓi. Saboda haka idan magabata suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, da wuya a ce jin farko kaɗai suke nufi. Matuƙan da ke cikin jirgin Sakkwato sun yi jin farko, wataƙila ma sun yi na biyu. Abin da suka rasa shi ne jin da ya zauna a hannu, wanda zai motsa daidai tun kafin zuciya ta gama bugawa.

Irin wannan ji ba a samun sa a lokacin tashin hankali. Gargaɗi ba malami ba ne; ba shi da lokacin koyarwa. Iyakar abin da zai iya shi ne ya tayar da abin da aka riga aka ajiye a cikin mutum. In an ajiye sani, sani zai farka. In ba a ajiye kome ba, tsoro ne zai farka, tsoro kuwa shawararsa ɗaya ce: ka guje wa abin da idonka ke gani. Matuƙin da ya ga ƙasa tana tahowa, jikinsa zai ce ya ja sitiyari da iyakar ƙarfinsa, alhali sau da yawa jan nan shi ne ajali. An ga makamancin haka ranar 7 ga Nuwamba, 1996, lokacin da na'urar hana karo ta yi ƙara a wani jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Matuƙin ya kauce wa ɗayan jirgin, amma kaucewar ta yi tsanani har jirginsa ya kuɓuce masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin da mutum 144, cikinsu har da shehin malamin nan Farfesa Claude Ake.

Mu da ke zaune a Shadawanka, maƙwabtan barikin da ke ɗauke da Birged ta 33 ta sojojin igwa, ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Wanda bai sani ba zai ga kamar ɓata lokaci ne a tara manyan mutane da sassafe, a busa musu begila, a sa su maimaita motsi guda sau ɗari. Amma soja ya san dalili. A ƙa'idar masu igwa, idan aka harba ta ƙi tashi, ba a gaggawar buɗe ta a leƙa. Sai an jira wani lokaci da aka ƙayyade, domin harsashin kan iya fashewa a makare. Son ran ɗan Adam shi ne ya buɗe ya ga abin da ya faru, atisaye kuwa an yi shi ne don a karya wannan son rai tun ranar da babu yaƙi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙaryar Ɗakin Koyo

Filin atisayen matuƙi shi ne na'urar kwaikwayon tuƙi. Tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera ta farko da ta yi suna. Ta yau wani ɗaki ne da aka ɗora a kan ƙafafu shida masu miƙewa da tanƙwashewa, cikinsa tamkar ɗakin matuƙi na gaske, tagoginsa allunan hoto ne, kwamfuta ce ke sarrafa motsinsa. Malami yana zaune a baya da nasa allo. In ya ga dama ya kashe inji guda, ko ya kunna gobara, ko ya turo juyin iska. Matuƙin jirgin fasinja kan koma wannan ɗaki akai-akai, galibi duk wata shida, ya faɗi ya tashi ba tare da an rasa rai ba. Shekara da shekaru matuƙanmu sukan fita ƙasashen waje don wannan horo, shi ya sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta nemi ta mallaki na'urar kwaikwayon Boeing 737 ta kanta.

Amfanin wannan ɗaki duka ya rataya ne a kan abu guda, wato gaskiya. Manhajar da ke cikinsa lissafi ce da mutane suka rubuta. Idan lissafin ya kauce wa halin jirgi na zahiri, matuƙi zai fito da takardar shaida a hannu, da tabbaci a zuciya, da kuskure a gaɓoɓi. Wanda bai sami horo ba ya san bai sani ba, yana iya yin taka-tsantsan. Wanda aka horar a kan ƙarya kuwa an raba shi har da wannan ɗan abin kariya.

Duniya ta ga misalin haka a jirgin Boeing 737 MAX. An sa masa wata manhaja mai danna hancin jirgi ƙasa da kanta, tana dogaro da ma'auni guda ɗaya tak. Don kada kamfanonin sufuri su kashe kuɗin mayar da matuƙansu ɗakin kwaikwayo, aka gabatar da jirgin a matsayin wanda bai bambanta sosai da na baya ba, aka wadatu da ɗan gajeren darasi a kwamfutar hannu, ba a ma bayyana wa matuƙa manhajar ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2018, jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indunisiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris, 2019, na Habasha ya faɗi minti shida bayan tashinsa daga Addis Ababa da mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Nijeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Matuƙan Habasha sun kashe wutar na'urar, sun nemi su daidaita jirgin da wata ƙafar juyi ta hannu, amma saboda tsananin gudu ta yi musu nauyi. A watan Mayu na 2019 kamfanin Boeing ya amsa cewa manhajar na'urar kwaikwayon wannan jirgi ba ta nuna ainihin nauyin da ƙafar juyin kan yi a irin wannan hali, ya kuma gyara ta. Wato ko da matuƙi ya shiga ɗakin ya gwada, da ya tarar da abin da sauƙi, ya fito yana zaton ya iya. A Janairun 2020 kamfanin ya sauya matsayi, ya ba da shawarar a horar da matuƙan jirgin a na'urar kwaikwayo.

Injiniyan da ya ga ɗan saɓani tsakanin na'ura da jirgi na gaske, ya ce ai wasa ne, ba mai mutuwa a ɗakin kwaikwayo, ya faɗi gaskiya ta wata fuska. Ba a mutuwa a cikin ɗakin. A waje ake mutuwa, bayan watanni ko shekaru, lokacin da shi ya manta da zancen. Nisan da ke tsakanin sakaci da sakamakonsa shi ke sa mutum ya ga kamar hannunsa a wanke yake, amma nisa ba ya sauke alhaki.

Hakkin da ke Kan Mai Gargaɗi

Shi ma mai gargaɗin ba a barranta shi ba. Ranar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France da ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Faris ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, matuƙi ya ja hancin jirgi sama, fukafukai suka sare. Muryar gargaɗi ta yi ta maimaita kanta har sau 75. Sai dai an tsara na'urar ta yi shiru idan gudun da take karantawa ya yi ƙasa ƙwarai, don tana ɗaukar lissafin a matsayin marar inganci. Abin da ya biyo baya shi ne, idan matuƙi ya ci gaba da kuskure sai ta yi tsit, idan ya sunkuyar da hanci, wato ya kama hanyar gyara, sai ta dawo da kururuwa. Mai gargaɗin da ke tsawa idan an yi daidai, ya yi shiru idan an yi ba daidai ba, ya ƙara wa ɓatacce ɓata.

Wannan darasi ya wuce jirgi. Uban da ke yi wa ɗansa tsawa iri ɗaya a kan ɓarin ruwa da kuma a kan sata ya kashe darajar tsawarsa, domin yaron ba zai san wanne ne jan haske ba. Shugaban da ke fushi da mai kawo masa mugun labari yana tsinke wayar na'urarsa ne da hannunsa. Gargaɗi amana ce: ya zama gaskiya, ya zo a kan lokaci, ya kuma yi daidai da girman haɗarin.

Tambayoyi Biyu

Wani zai ce, ashe horon nan ba mai da mutum inji yake yi ba, a busa ya motsa? Amsa tana cikin abin da ya faru ranar 4 ga Nuwamba, 2010, lokacin da injin wani katafaren jirgin Qantas ƙirar A380 ya fashe jim kaɗan bayan tashinsa daga Singafo. Ɓaraguzai suka huda fiffike, suka tsinke wayoyi, saƙonnin gargaɗi suka yi ta kwararowa bi da bi. Matuƙan, ƙarƙashin Kyaftin Richard de Crespigny, sun shafe kusan minti 50 suna bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, suna tace wanda za a bi da wanda bin sa zai ƙara ɓarna. Suka sauka lafiya da mutum 469, ba a rasa ko ɗaya ba. Da hannu ya san aikinsa, sai hankali ya sami sararin yin tunani. Horo na gaskiya bai ƙwace wa mutum hukunci ba, fili ya share masa. Kuma a ranar Abuja, hukuncin da ya fi kowane kyau shi ne na matuƙin da ya zauna a ƙasa ya jira. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wani kuma zai ce, ai kowa da ranarsa, ƙaddara ta riga fata. Babu mai jayayya da wannan, kuma shi ne abin da ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma maganar ƙaddara ta'aziyya ce a bakin mai makoki. Idan ta koma bakin wanda aka damƙa wa aiki ya yi sakaci, ta zama mafaka. Addinin da ya koyar da tawakkali shi ne ya koyar da a ɗaure raƙumi tukuna. Mai binciken haɗari ba ya musun ajali. Abin da yake tambaya shi ne ko an ɗaure raƙumin, da kuma wanda aka ba igiyar.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa alhakin gargaɗin da bai yi amfani ba ya kasu uku: akwai rabon mai gargaɗi, akwai na mai sauraro, akwai kuma na wanda ya shirya kunnen mai sauraro. Na ukun nan shi ne ya fi ɓoyuwa, domin ba ya cikin jirgi ranar da abin ya faru, muryarsa ba ta cikin na'urar naɗar magana, kuma da wuya a ga sunansa a jarida.

Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, malamai da ɗalibai, domin jami'a ita ma ɗakin kwaikwayo ce. A cikinta ake barin mai koyon likita da mai koyon gini da mai koyon shari'a su yi kuskure a kan takarda, inda kuskure ba ya kisa. Malamin da ya sassauta jarrabawa don a so shi, ko ya ba da makin da ba a ci ba, ya yi abin da manhajar nan ta yi, ya sauƙaƙa ƙafar juyin da a zahiri take da nauyi. Ɗalibin da ya shiga da satar amsa ya ruɗi na'urar da aka kafa don ta tsirar da shi, da waɗanda za su dogara da shi gobe. Ranar da majinyaci zai fara suma, ko gada ta fara tsagewa, ƙararrawa za ta buga kamar yadda aka tsara, kunne kuma zai ji. Abin da hannu zai yi a daƙiƙoƙin da suka biyo baya, yau ake yanke shi, a ajin da muke zaune.